Tagogi Huɗu a Jiratawa

A shekarar da damina ta ƙi, ina koyarwa a wata lakwal ta cikin Maraɗi, ajin ƙananan yara. Shekaruna ashirin da huɗu, ban yi aure ba. Soja ne ke mulki, kuma mun riga mun saba: in an ce wani babba zai zo, sai a fitar da yara bakin gudro, wato babban titi, su jeru su yi ta tafi.

Ran nan aka fitar da mu tun da hantsi. Rana ta take, babba bai zo ba. Yawancin yaran ajina ba su karya da komai ba, don a lokacin gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, ita ma da jan dawar taimako. Wata yarinya ta zauna ƙasa, aka daka mata tsawa ta miƙe, ba a jima ba ta yanke jiki ta faɗi. Na ɗauke ta, na waiga na ce wa sauran su biyo ni. Ajin duka ya biyo ni. Muka koma lakwal, na zaunar da su a inuwa, na ba su ruwa. Wurin da muka bari ya zama giɓi a layi, an kuma ce da babban ya zo ya ga giɓin, ya tambaya.

Bayan kwana uku aka kira ni buro, ofishin da ke kula da malamai. Mutumin da ke kula da mu malamai dogo ne, mai taushin murya, ba ya kallon mutum in yana magana da shi. Ba soja ba ne, amma ya fi soja tsoron soja. Ya turo mini takarda a kan tebur.

"Madan, tunda kina son inuwa, an kai ki inda akwai itatuwa. Jiratawa. Litinin ki kasance can."

Na ce, "Mushe," yadda muke kiran manya da Faransanci, "ina zan zauna?"

"Akwai karabana bayan lakwal. Turawa ma sun kwana cikinta, bale ke."

Na sa hannu na fito. Ban ba shi haƙuri ba, ko da yake na ga alama abin da yake jira ke nan, don ya bar alƙalamin a hannuna ya daɗe bai karɓa ba.

Gidanmu Tsibiri yake. Mu ƴan tsirarun Kirista ne na garin, babana manomi ne, kafinta kuma, shi ke gyara kujerun majami'a. Shekarar nan gonarsa ba ta ba da ko dami goma ba, albashina ne ke riƙe da gidan. Da na gaya masa abin da ya faru, sai ya shiga murza ƙusa tsakanin yatsunsa.

"Ɗiyata, da kin ba su haƙuri."

"Baba, mi na yi?"

"Ba ki yi komi ba. Amma su ke da ƙasa."

"To su riƙe ƙasarsu. Ni zan tahi Jiratawa."

Ya ba ni tsohon kekensa, da turnabis guda na kwance ƙusa, da wuƙar da yake kankare katako da ita. Ya ce ban san abin da zan tarar ba.

Karabana ɗaki ne na kwano mai ƙafafun mota biyu, wanda ake ɗaurawa bayan mota a ja. Waɗanda suka zo aikin hanyoyin ruwa na noman rani ne suka zauna cikinta, da suka gama suka tafi suka bar ta. Na tarar da ita ƙarƙashin wata gawo, tayoyinta sun sace sun nutse cikin rairayi, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. A ciki akwai ɗan gado, da ɗan tebur manne da bango, da tagogi huɗu: biyu a gefe, ɗaya gaba, ɗaya baya. Gilasan duk suna nan lafiya. Amma robar da ke kewaye da su ta bushe ta tsattsage, in ka taɓa sai ta ruguje a hannunka kamar gawayi. Ƙarƙashin kowace taga akwai baƙin tabo ya gangara har ƙasa, katakon bango ya kumbura ya ruɓe. Ba sai an gaya mini ba, duk ruwan da aka yi a shekarun baya, rabinsa a ciki ya sauka.

Gidan da ya fi kusa na wata mata ce mai sayar da ƙuli-ƙuli, Musulma, ta kai sa'ar innata. Mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba tukuna. Ita ta fara leƙowa ta ce in zo in zauna ɗakinta, ta ce mace ba ta kwana cikin gwangwani. Na yi mata godiya na ƙi. An turo ni nan ne don in sha wuya in koma ina roƙo, ni kuma na ƙudura cikin raina a cikin gwangwanin nan zan zauna, kuma sai ya zama ɗaki.

Na share, na wanke, na kori awaki. Watannin sanyi na wuce su da bargo biyu da tsummoki cushe a gefen gilasai. Da bazara ta kama, sai na fara tunanin tagogin.

Gwajina na farko abin kunya ne. Na jiƙa ƙaro ya yi kauri, na tsoma tsummoki ciki, na cusa su kewaye da gilashin taga ɗaya, na bari ya bushe. Ya yi tauri, ya yi kyau a ido. Na ɗebo ruwan da na yi wanki da shi, na hau kujera na kwara daga sama. Kafin in sauko ƙaron ya narke, ruwa mai danƙo yana bin bango har kan gadona. Maƙwabciyata tana tsaye tana kallo, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Madan, wai wane ruwa kike tarewa? Mutane na roƙon Allah shi ba su ruwa, ke kina toshe mishi ƙofa."

Na ce, "Inna, ruwan gona daban, na kan gado daban."

Maganar ta bazu cikin gari. In zan wuce, manoman da ke komowa daga fadama sai su ce, "Madan, ya tagogi? Hadari ya taso?" Sararin sama kuwa fari fat, ko ɗigon girgije babu. Wani dattijo ya tsayar da ni da gaske, ba da wasa ba, ya ce bai kamata ba, a irin wannan shekara, a ga mutum yana shirin gudun ruwa. Na ce masa ni na yarda ruwa zai zo, shi ya sa nake shiri. Ya dube ni ya wuce.

Ranar Alhamis ba a lakwal a wancan zamanin. Na hau keke na tafi Maraɗi, na yi ta tambaya cikin Sabon Gari har aka nuna mini rumfar wani tsoho mai sa gilasan motoci. Siriri ne, yatsunsa duk tabon yanka. Na gaya masa abin da nake so: sabuwar roba da mastik, wato danƙon da ake liƙe gilashi da shi.

Ya girgiza kai. "Madan, iyaka rufe take. Duk kayan ga daga Najeriya suke zuwa. Ni kaina wata uku rabona da ganin mastik."

"To, Malam, ku da mi kuke aiki?"

Ya ɗaga ido ya dube ni sosai. "Ke za ki yi da hannunki?"

"Ni zan yi."

"Zamna."

Na zauna kan wata tsohuwar kujerar mota. Wuni guda na yi a rumfar nan, yana aiki yana magana. Ya ɗauko tsohon shambur na kamyo, wato robar cikin tayar babbar mota, ya nuna mini yadda ake yanka shi dogo-dogo, faɗin yatsa biyu, ba tare da wuƙa ta karkace ba. Ya ce kada in kuskura in shafa komai a kan tsohuwar roba. Sai na kwance tagar gaba ɗaya daga jikin bango, na kankare duk wani tsohon danƙo har kwano ya yi haske, na goge da kananzir, na bari ya bushe sarai. Sannan in shimfiɗa sabuwar roba, in fara daga tsakiyar ƙasa, in zagaya in komo nan, don mahaɗin ya kasance a ƙasa. Ya ce mahaɗi in yana sama, nan ruwa zai fara nema. Ya ce in na zo ɗaure ƙusoshi kada in gama da ɗaya in koma ɗaya, in riƙa ɗan murɗa wannan, in tsallaka na wancan gefen, har duk su kama tare.

"Kuma a ƙasan kowace taga za ki ga ƴan ramu biyu. Kar ki toshe su. Kowa toshe su yake yi, yana cewa ya gano inda ruwa ke shiga. Nan ne ruwa ke hita."

Na ce to mastik fa?

Ya tambaye ni aikina. Da na ce malamar lakwal ce, sai ya yi murmushi. Ya ce in tara guntayen alli, in daka su su yi laushi kamar gari, in kwaɓa da fentin mai har ya yi kauri kamar tuwo. Ya ce ba zai kai na kanti ba, amma zai yi damina biyu ko uku. Ya ba ni shambur ɗin da rabin gwangwanin fenti shuɗi da ya rage masa. Na ciro kuɗi, ya karɓi na fenti, ya ce shambur dama yarwa zai yi.

Wata biyu na yi ina aikin nan, Alhamis da Alhamis, wani lokaci da Lahadi in ban je Tsibiri ba. Taga ɗaya tana da ƙusoshi goma sha shida, yawancinsu sun yi tsatsa sun kafe. Sai in ɗiga musu kananzir da safe, in komo da la'asar in gwada. Wasu sun fita, wasu kansu ya cinye, sai da na sare su na nemo wasu a kasuwa. Ran da na ciro tagar farko, ta kusa kuɓuce mini, nauyinta ya fi yadda na zata. Maƙwabciyata ce ta rugo ta tallafe ta daga waje, tana faɗa.

"Ke dai ba ki jin magana! In ta hwashe mi za ki ce musu?"

Daga ranar ba ta ƙara yi mini dariya ba. Ita ke riƙe taga in ina ɗaurewa, a turminta kuma muka daka allin. Ta ce kada dai in gaya wa masu sayen ƙuli-ƙuli.

Zafin bazara a cikin kwano ba a magana. Hannuna ya yi kanta, farcena ya yi shuɗi, yaran aji suna kallonsa in ina rubutu a allo. Taga ta biyu na yi kuskure, na ja robar da yawa, da ta huce ta koma ta bar giɓi a kusurwa, dole na kwance na sake. Duk wadda na gama sai in hau kujera in kwara mata ruwan wanki daga sama, maƙwabciyata tana ciki tana duba.

"Akwai?"

"Babu!"

Babana ya zo sau ɗaya. Ya zagaya karabanar, ya danna mastik ɗin da babban yatsa, ya leƙa ƴan ramukan ƙasa ya ga ban toshe su ba. Bai ce na yi kyau ba, ba ya faɗin irin wannan. Amma ya auna katakon da ya ruɓe, mako biyu sai ga shi ya aiko da sabo, an yanke daidai. Na shafe bangon ciki da farar ƙasa, na ɗinka labule da tsohon zanena, na dasa zogale biyu a bakin ƙofa.

Ruwa ya zo. Da la'asar ne, yara sun tashi, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa gawo. Mutane suka fito suna kallon sama, wasu suna kabbara, mata suna guɗa. Na shiga na rufe ƙofa na zauna bakin gado. Ruwa ya dinga dukan kwanon har ba na jin numfashina. Na tashi na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ina shafa ƙarƙashinsu da tafin hannu. A bushe. Na sake zagayawa. A bushe. Sai na ji ana buga ƙofa: maƙwabciyata ce, jiƙe sharkaf, ɗauke da buhun irin gero a ka. Rufin ɗakinta ya yi shekara bai ga ruwa ba, ya tsage, yana zuba. Muka ajiye buhun kan tebur. Kafin mako ya zagayo, buhunan iri na gida huɗu suna cikin karabanata, da littattafan lakwal, don ajinmu na zana ne.

Ana saura kwanaki kaɗan a ba da hutu, sai ga farar mota ta tsaya gaban lakwal. Mutumin buro ne, ya zo zagayen ƙarshen shekara. Ya duba aji, bai sami abin cewa ba. Sai ya ce bari ya ga inda nake kwana. Na san abin da yake so ya gani. Ya tsaya bakin ƙofa, ya dubi labule, ya dubi farin bango, ya shiga ya ɗora hannu a kan taga, ya ƙwanƙwasa gilashin.

"Wa ya gyara miki?"

"Ni."

"Ba ta yoyo?"

"Ba ta yi."

Ya fita ya zagaya ta sau biyu, ya tsuguna ya dubi tayoyi. Kowa ya san yana da lambun mangwaro a bakin gulbi, inda yake kai abokansa hutu. Da ya miƙe sai ya ce, cikin taushin muryar nan tasa, karabana kayan gwamnati ce, ana bukatarta wani wuri, Asabar za a zo a ja ta.

Na ce, "Mushe, ni kuma fa?"

"Hutu za ki tahi. In an komo a gani."

"Da kuka turo ni cikinta, kayan gwamnati ce?"

"Madan, kar ki ƙara wa kanki."

Ya shiga mota ya tafi. Na daɗe tsaye a wurin. Maƙwabciyata ta ce in je in sami mai gari, ko in rubuta takarda. Na san inda takarda za ta ƙare: kan teburinsa.

Da gari ya waye na kira masu iri suka kwashe buhunansu, na mai da littattafai ofishin darakta, na kai gadona da akwatina ɗakin maƙwabciyata. Sannan na ɗauko turnabis.

Kwancewa ta fi ɗaurawa sauƙi, ƙusoshin ba su yi tsatsa ba tukuna. Na ciro taga ta farko, na ɓare robar da na shimfiɗa, na kankare mastik ɗina tas da wuƙar babana, na mai da tagar wurinta, na ɗaure ta da ƙusoshinta na asali, waɗanda suka rage. Waɗanda na saya da kuɗina na zuba su cikin gwangwani. Ban fasa gilashi ko ɗaya ba, ban karce kwano ba. Maƙwabciyata ta ƙi riƙe mini taga wannan karon. Ta zauna kan turmi tana kallo, hawaye na zubo mata.

"Wata biyu, Madan. Wata biyu kina wahala."

"Wahalata ce, Inna. Ba tashi ba ce."

A taga ta uku ta tashi ta zo ta riƙe. Kwana biyu muka gama. Na cire katakon babana, na sauke labule. Farar ƙasa ce kawai ban iya cirewa ba.

Asabar suka zo da kamyo da sababbin tayoyi, mutumin buro ma ya biyo su. Ya leƙa ciki, ya ga haske yana shigowa ta gefen kowane gilashi. Ya taɓa ɗaya, ta yi ƙara a cikin ƙarfenta. Wannan ne karo na farko da ya dube ni ido cikin ido.

"Mi ke nan?"

"Kayan gwamnati ne, Mushe, yadda aka ba ni su. Gilashi huɗu, ku ƙirga. Roba da alli nawa ne."

Direban kamyon ya juya baya yana tari, na san dariya yake ɓoyewa. Mutane sun taru suna kallo. Mutumin buro ya sake duban karabanar. Barin ta a nan zai zama ya yarda na ci shi, don haka ya ce a ɗaura a ja. Suka ja ta tana rangaji, tagogin suna kaɗawa.

Na yi zaton za a kore ni daga aiki, na shirya wa hakan. Ba a kore ni ba. Abin da aka yi shi ne, duk shekara in an fitar da sunayen waɗanda za a mayar birni, nawa ba ya ciki. Shekara shida na yi a Jiratawa.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai babana ne. Da na kai masa katakonsa Tsibiri na ba shi labari, ban ga ya yi dariya ba kamar yadda ƙannena suka yi. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ɓata aikin da ya gyara da hannunsa ba, ko mai aikin ya cuce shi. Ya ce a majami'a ba haka aka koya mana ba, in an ƙwace maka abu ka bari ya tafi da kyansa.

Na ce, "Baba, da na bar mishi, gobe wata zai tura cikin wani gwangwani ta gyara mishi."

"Wannan tsakaninshi da Allah ne."

"To ni ma tsakanina da Allah ne. Ban yi nadama ba."

Ba mu ƙara tayar da maganar ba, kuma har ya rasu ban ji ya sauya ra'ayi ba, ni ma ban sauya nawa ba. Bayan girbi, wanda ya yi kyau a shekarar, ya zo Jiratawa da ƙofa da azara a kan amalanke. Shi da mijin maƙwabciyata, wanda ya komo da farkon damina, suka gina mini ɗakin ƙasa a kusurwar gidansu. Kwana tara suka yi suna aikin, ɗaya yana tashi salla, ɗaya yana jiransa a inuwa.